Yadda Jamus Ta Cika Rufin Gidajenta da Farantan Sola

A shekarar 1990 gwamnatin Jamus ta fito da shirin da ta kira "rufi dubu", wato ta biya kaso mai tsoka na kuɗin ɗora farantan sola a kan gidaje domin a ga ko abin zai yi aiki a ƙasar da rana ba ta cika zafi ba. Ya yi aiki, amma tsadarsa ta sa da shirin ya ƙare kasuwar ta yi sanyi. A 1999 aka sake gwadawa da shirin "rufi dubu ɗari", wannan karon da bashi mai sauƙin ruwa daga bankin gwamnati na KfW.

Abin da ya juya lamarin shi ne dokar makamashi mai sabuntawa, EEG, da ta fara aiki a watan Afrilun 2000, zamanin shugaban gwamnati Gerhard Schröder. 'Yan majalisa biyu, Hermann Scheer da Hans-Josef Fell, su suka tsaya kai da fata a kanta. Dokar ta tilasta wa kamfanonin rarraba wuta sayen duk wutar da mai gida ya samar daga rufinsa, a farashi tsayayye na fenig 99 na kuɗin Jamus na lokacin kowane yunit, har shekara ashirin. Manomi a Bavaria ya ga lissafin ya fita, banki ya ba shi bashi ba tare da fargaba ba, rufin rumbunan gonaki suka koma baƙi da shuɗi.

Daga kusan megawat 100 a 2000, ƙarfin sola a ƙasar ya haura gigawat ɗaya a 2004. Daga nan abin ya fi ƙarfin hasashen gwamnati, shi ya sa daga 2009 aka wajabta wa duk wanda ya ɗora sabon faranti ya yi rajista da hukumar Bundesnetzagentur. Wannan ƙidaya ita ce ta zama linzamin shirin: idan alƙaluma suka nuna an wuce adadin da aka tsara, sai a zaftare farashin sayen wutar. Jama'a kuma suka koyi gudun zaftarewar. A watan Disambar 2011 kaɗai an yi rajistar kusan gigawat 3, masu ɗora faranti suna ta aiki cikin hunturu don su riga ragin da zai fara a Janairu. Daga 2010 zuwa 2012 ana ƙara sama da gigawat 7 kowace shekara.

Sai ragin ya yi yawa. Zuwa 2014 sabon ɗori ya faɗi ƙasa da gigawat 2, kamfanonin gida irin su Solon da Q-Cells suka karye, masana'antun Sin suka mamaye kasuwa. Masu biyan kuɗin wuta kuwa sun ɗauki nauyin tallafin ta ƙarin kuɗi a takardar wutarsu, wanda ya kai santi 6.88 kowane yunit a 2017, kafin a soke shi a 2022.

A ganina an yi kuskure wajen gaggawar janye hannu, amma babban aikin ya riga ya gudana. Buƙatar da Jamusawa suka biya ita ta faɗaɗa masana'antun da suka karya farashin faranti a duniya, har wanda ake sayarwa yau a kasuwannin Kano da Maraɗi. A 2023 Jamus ta ƙara sama da gigawat 14, kuma burinta shi ne gigawat 215 zuwa 2030.