Daga fade zuwa roba: tarihin takalmi a ƙasar Tasawa da Mayahi

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, bazara ta kama. Daga watan Maris har saukar ruwan farko, awon zafi yakan wuce 40 ko a inuwa. Rairayi kuwa ya fi haka nesa. Wanda ya taɓa ratsa jigawa da tsakar rana tsakanin Mayahi da Kanan Bakashe ba takalmi a ƙafa, ba sai an ba shi labari ba. Ga zafi, ga ƙarangiya, ga tsaidau, ga ƙayar aduwa. A wannan lokaci ne kowa ke tunawa da takalminsa. To, shi wannan abu da muke takawa kullum, tarihi gare shi, kuma tarihin ya biyo ta ƙofar gidanmu.

Mu fara da tsohon labari. Wani malami mutumin Fas, ana ce da shi Alhasan Alwazzan, Turawa kuma suna kiran shi Liyo na Afirka, ya gama rubuta littafinsa a kan ƙasashen Afirka a shekarar 1526. A cikinsa ya yi maganar Gobir ta wancan zamani. Ya ce akwai masu ɗinkin takalma a ƙasar, kuma ana ɗaukar takalman ana kai su har Tumbutu da Gawo. Ku lissafa: shekara 500 ke nan. Tun kafin a san mota, tun kafin a san bature a nan, baduku Bahaushe yana ɗinka abin da ake saye a wata ƙasa.

Bayan shekara 325 wani baƙo ya zo. Sunansa Barth, mutumin Jamus, amma a hanya Abdulkarim yake kiran kansa. Ya biyo ayarin gishiri na Azbinawa ta Damargu, ya sauka Tasawa a watan Janairu na 1851. Daga nan ya bi ta Gazawa da Katsina, ya shiga Kano a watan Fabrairu. Mutum ne mai yawan tambaya, kome ya gani sai ya rubuta kuɗinsa. Ya ce bayan tufafi, takalma ne babban abin da Kano ke yi da hannu tana kaiwa nesa. Mafi kyau daga ciki ana kiran shi taka-saraki, kuɗinsa wuri 200. A lissafinsa, cinikin takalma yana kai wuri miliyan 10 a shekara.

Ku ɗauki alli ku raba miliyan 10 da 200. Za ku sami 50.000. Wato ko da duka taka-saraki ne, takalma 50.000 ke nan a shekara ɗaya. Da yake mafi yawansu ba su kai wannan tsada ba, adadin ya wuce haka. A lokacin, dala guda ta azurfa, ba dalar sefa ta yau ba, tana canza wuri 2.500 a Kano. Mai dala guda zai sayi taka-saraki 12, har a ba shi canji.

Me ya haɗa wannan da mu? Hanya ce. Tasawa tana bisa turbar da ta tashi daga Kano da Katsina, ta bi Damargu zuwa Agadas, ta ratsa hamada har Tarabulus. Ayari yakan sauka nan ya sayi hatsi, ya bar gishiri da dabino. Kayan fata na cikin abin da raƙuma ke ɗauka zuwa arewa. Barth da kansa ya rubuta cewa jajayen fatu, waɗanda aka rina da ruwan karan dawa, suna isa har Tarabulus.

Abu na biyu kuma akuya ce. Jar akuyar nan da Turawa suka laƙaba wa sunan Maraɗi, mutanen Najeriya kuma suke ce mata ta Sakkwato, masana kiwo sun nuna a ƙasar Tasawa ta fi yawa ba gauraye. Fatarta tana da laushi, tana da ƙarfi, tana shan rini. A Turai an daɗe ana kiran irin wannan fata fatar Maroko, domin ta hannun fataken Arewacin Afirka take isa can. Akuyar tana ɗaure a garkenmu, sunan yana wajen wasu.

Aikin takalmi kuwa ba na mutum ɗaya ba ne. Mahauci ya feɗe. Majemi ya karɓa, ya jiƙa fatar cikin ruwan toka har gashi ya saki, ya kankare. Sai ya sa ta cikin ruwan kashin kaji ko na tantabara don ta yi laushi, ya wanke, kana ya tsoma ta cikin ruwan bagaruwa da aka daka. Bagaruwa ce ke hana fata ruɓewa. In ta jemu sai a shafe ta da man gyaɗa, a murza, a shanya. Ja daga karan dafi yake fitowa, baƙi daga kuloko. Daga nan sai baduku. Ya yanka ƙirgin sa ya yi ƙasan takalmi, wani lokaci ninki biyu ko uku, ya rufe sama da fatar akuya, ya huda, ya ɗinke da zaren fata. Kowane ɗaya cikin waɗannan mutane gida yake ciyarwa da wannan aiki, kuma sana'ar gado ce, ɗa yana koya wajen uba.

Takalman ma iri iri ne. Akwai fade, wanda talaka ke shiga gona da kasuwa da shi. Akwai balka mai faɗin ƙasa, irin na mutanen Azbin da Adar. Faɗin nan ba ado kaɗai ba ne: yana hana ƙafa nutsewa cikin rairayi, yana tare zafi da ƙaya daga gefe. Wanda ya ƙago shi ya san jigawa. Da damana akwai dangarafai na itace saboda taɓo. Mahaya suna da dogon takalmin hawa, manyan sarakuna kuma suna da na gashin jimina.

Amma kada mu yi wa jiya kwalliyar da ba ta da ita. A da, ba kowa ke da takalmi ba. Yara da yawa sun girma har suka yi aure ƙafa a ƙasa. Mata da yawa sun yi ta zuwa rijiya da daji haka nan, tafin ƙafa ya yi kaushi, diddige ya yi faso. Wani in ya samu takalmi, sai ya rataya shi a sanda ya yi tafiyarsa, sai ya kusa shiga gari ya sa. Tsoron kada ya ƙare yake yi. Kuma takalmi yana da ladabinsa. Ana tuɓe shi a ƙofar masallaci, a gaban sarki, a gaban malami, a gaban surukai. Wannan ladabi har yau bai mutu ba.

Sai zamani ya juya. A 1899 sojojin Faransa suka ratsa wannan ƙasa da wuta, har shugabanninsu biyu, Bule da Shanuwan, suka mutu a wajen Maijirgi a watan Yuli. Bayan ƴan shekaru mulkin mallaka ya zauna. A 1911 hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano. Daga nan kaya suka daina bin raƙumi zuwa arewa, suka koma bin jirgi zuwa teku. A 1927 aka ɗauke mazaunin kwamandan daga Tasawa aka kai Maraɗi, kantunan Turawa ma can suka taru. Su kuwa kantunan, ɗanyar fata busasshiya suke so, a kai Turai a jeme ta can. Ma'aikatan kiwo suka shiga koya wa mutane shanya fata a inuwa bisa igiya maimakon a ƙasa cikin rana. Suka riƙa dandaƙe bunsuran da ba ja ba don irin ya tsaya. Fata ta yi kuɗi, wannan gaskiya ne. Amma mai kyau ita ke fita, baduku na ƙauye ya zauna da saura.

Bayan samun mulkin kai a 1960, gwamnati ta so a riƙa jima a gida. Aka buɗe gidan kiwon jar akuya a Maraɗi, kuma a farkon shekarun 1970 aka kafa masana'antar jima mai suna SONITAN a can. Ta yi aiki na wasu shekaru, daga baya ta rufe. Fari na 1973 da na 1984 suka kashe dabbobi ba iyaka, suka talauta masu sayen takalmin fata.

Ana cikin haka mota ta kawo nata. Tsohuwar taya da direba ya yar, wani mai dabara ya yanka ta daidai ƙafa, ya kafa maɗauri. Takalmin taya ba shi da kyan gani, yana da nauyi, amma ƙaya ba ta huda shi, kuma yakan yi shekaru. Manoma da makiyaya sun rungume shi. Bayansa sai roba ta cika kasuwa: silifa, da soso, da rufaffen takalmin roba da makiyaya ke so, daga masana'antun Kano, daga baya kuma har daga ƙasar Sin. Ga na gwanjo daga Turai. Ku zaga kasuwar Tasawa ko ta Mayahi, ku ƙirga masu tallan roba, ku ƙirga rumfunan dukawa.

A ganinmu roba ta yi abu guda da fata ba ta taɓa yi ba: ta sa wa yaron talaka takalmi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Likitoci sun nuna akwai tsutsar ciki da ke shiga jiki ta fatar ƙafa, a wurin da ƙasa ke da danshi kuma ake bayan gida a fili. Tana shan jini, yaro ya rame, mace mai ciki ta yi fari fat. Ƙusa ko ƙaya in ta soki ƙafa tana iya kawo ciwon nan mai sandarar da jiki da sarƙe haƙora. Silifa ta ƴan daloli tana rage wannan duka.

Sai dai a bazara roba tana da nata sharri. Tana ɗaukar zafi, ba ta shan gumi. Rufaffen takalmin roba in aka wuni da shi, tsakanin yatsu ya jiƙe, ya yi ƙaiƙayi, ya tsage. Mai sa shi ya riƙa tuɓewa in ya zauna a inuwa, ya wanke ƙafa ya bari ta bushe. Kada a bar shi cikin rana. Da safe kuma a kakkaɓe shi kafin a zura ƙafa, don kunama tana yawo da zafi, tana son wuri mai duhu. Silifa mai siririn ƙasa ta tsakar gida ce da masallaci, ba ta sharar gona ba ce. Tafiyar rairayi da rana, fata mai faɗi ta fi. In sabuwa ce, a shafa mata ɗan man gyaɗa ko man shanu a maɗauri don kada ta ci ƙafa. Mai sayen takalmi ya gwada shi da marece, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura da tafiya. Mai ciwon suga kuwa, kada ya taka ƙasa ba takalmi ko a cikin gida, don rauninsa ba ya saurin warkewa.

Dukawa ba su ƙare ba. Suna nan suna ɗinka balka da fade, da kube, da layu, da kayan doki, kuma ciniki yakan tashi gab da salla da lokacin bukukuwan aure. Wasu yanzu suna haɗa biyu, sama fata, ƙasa taya ko roba. Dalili shi ne ƙirgi ya yi tsada. Fatar shanu da yawa tana ƙetara iyaka zuwa Najeriya, inda ake babbake ta a dafa a ci, ita ce ganda. Majemi da mai tukunya suna takara a kan fata guda.

Ta akuya da ta rago kuwa, da yawa tun a gida suke lalacewa, balle ranar layya. Wuƙa mai tsini ta huda su wajen fiɗa, ko a yar da su cikin rana bisa rairayi har su ƙone. Fatar da aka feɗe da hannu a hankali, aka kankare nama da kitse, aka shanya a inuwa inda iska ke ratsawa, ita ce majemi ke biya da daraja. Mai huji uku kuwa, ko an jeme ta, maɗauri kaɗai baduku zai fitar a ciki.