Kotun da Ta Ce wa Tanja A'a

Duk mai zuwa Filinge daga Yamai sai ya ratsa Baleyara, garin da kasuwarsa ta Lahadi ke tara Zabarmawa da Buzaye da Fulani da Hausawan Kurfai. A gidan kason Filinge, kimanin kilomita 180 daga babban birni, aka ajiye tsohon firaminista Hama Amadu bayan an kama shi ranar 14 ga Nuwamba 2015, yana saukowa daga jirgi. A watan Janairu 2016 Kotun Tsarin Mulki ta ce takararsa ta shugaban ƙasa ta halatta, tunda tuhuma ce a kansa, ba a kai ga hukunci ba. Daga ɗakin kaso ya yi takarar, bai hau mumbari ko sau ɗaya ba, ya kuma zo na biyu bayan Shugaba Mahamadu Isufu. A Nuwamba 2020 kotun nan dai ta soke takararsa, domin a lokacin an riga an yanke masa ɗaurin shekara guda a shari'ar safarar jarirai, laifin da bai taɓa amsawa ba.

Alaƙar ƙasar Filinge da babbar kotun Nijar ta girmi wannan. Bayan 'yancin kai a 1960 an kafa Kotun Ƙoli mai ɓangarori huɗu, ɗaya daga ciki shi ke duba batun tsarin mulki. A zamanin jam'iyya ɗaya ta Diyori Hamani wannan ɓangare bai da wani aikin kirki, don babu mai kai ƙarar gwamnati. Ranar 15 ga Afrilu 1974 Seyni Kunce, ɗan Fandu a Tondikandiya, cikin ƙasar Filinge, ya kifar da Diyori, ya jingine tsarin mulki, aka maye gurbin Kotun Ƙoli da wata da ake kira Kotun Ƙasa. Har Kunce ya rasu a 1987 Nijar ba ta da tsarin mulkin da alƙali zai auna doka da shi.

Sai bayan Taron Ƙasa na 1991 alƙalai suka fara jin nauyin siyasa a wuyansu. A 1995 Mahaman Usman yana shugaban ƙasa, Hama Amadu yana firaminista daga ɓangaren da ya rinjayi majalisa, aka shiga zaman 'yan marina, kowa da inda ya sa gabansa. Wa ke tsara abin da za a tattauna a taron ministoci? Wa ke naɗa manyan ma'aikata? An yi ta kai waɗannan tambayoyi gaban Kotun Ƙoli tana fassara ayoyi, kowane ɓangare yana ɗaukar abin da ya yi masa daɗi, har Kanar Ibrahim Ba'are Mainasara ya raba gardamar da bindiga ranar 27 ga Janairu 1996. A watan Yulin shekarar aka rusa hukumar zaɓe ana tsakiyar ƙidayar ƙuri'a, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar wa Ba'are nasara da kashi 52 cikin ɗari. Wannan tabo ne a tarihinta, babu wata fassara da za ta wanke shi.

Waɗanda suka rubuta tsarin mulkin 1999 sun ga duk wannan da idonsu, shi ya sa suka ware Kotun Tsarin Mulki mai cin gashin kanta. Alƙalai bakwai ne, wa'adinsu shekara shida ba sabuntawa. Shugaban ƙasa mutum ɗaya kawai yake gabatarwa, shugabannin majalisa ɗaya, alƙalai su zaɓi biyu a cikinsu, lauyoyi ɗaya, malaman shari'a na jami'a ɗaya, ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam ɗaya. Aya ta 36 ta ce wa'adin shugaban ƙasa shekara biyar ne, ana sabunta shi sau ɗaya. Aya ta 136 ta kulle ƙofar, ta ce wannan batu ba ya cikin abin da za a yi wa gyara. Aya ta 115 kuma ta ce hukuncin kotun ba a ɗaukaka ƙara a kansa, ya hau kan kowa, farar hula da soja.

Tanja Mamadu ya ci zaɓe a 1999 da 2004, wa'adinsa zai ƙare ranar 22 ga Disamba 2009. Tun ƙarshen 2008 magoya bayansa suka fito da kiran Tazarce: a ƙara masa shekara uku ya kammala madatsar ruwan Kandaji, da gada ta biyu a Yamai, da matatar man Damagaram. Dabarar lauyoyinsa ita ce, tunda an hana gyara ayar, to a kawo sabon kundi gaba ɗaya ta hanyar zaɓen raba gardama. Wasu 'yan majalisa suka nemi ra'ayin kotu. Ranar 25 ga Mayu 2009, ƙarƙashin shugabancin Salifu Fatimata Bazeye, kotun ta ce ayar da ta ba shugaba damar tuntuɓar jama'a ba ta ba shi damar sauya tsarin mulki ba, kuma in ya yi haka ya karya rantsuwarsa. A lokacin da Alƙur'ani a hannu shugaban Nijar ke rantsuwa, saboda haka maganar ta yi nauyi ko a kunnen wanda bai taɓa buɗe kundin ba.

Washegari Tanja ya rusa majalisa. Mutanensa suka ce abin da kotu ta bayar shawara ce, ba hukunci ba, kuma a nan suna da gaskiya. Sai ya sa hannu kan dokar kiran zaɓen raba gardamar, 'yan adawa suka kai ƙara, ranar 12 ga Yuni kotu ta soke dokar, wannan karon da hukunci mai ɗaure kowa. Gwamnati ta roƙi a sake dubawa, ranar 26 ga Yuni alƙalan suka ce suna nan kan bakansu. A daren ranar Tanja ya ɗauki ikon musamman na aya ta 53, wadda aka tanada domin lokacin da ƙasa ke cikin babban haɗari. Ranar 29 ga Yuni ya rusa kotun, alhali tsarin mulki ya ce ba a tsige alƙalanta kafin wa'adinsu ya cika, ya naɗa wasu. An yi zaɓen ranar 4 ga Agusta, aka ce kashi 92 da ɗoriya sun amince.

Abin da ya fi damuna a labarin shi ne yadda hukuncin 12 ga Yuni ya samu aiki. Ƙungiyoyin ƙwadago sun yi yajin aiki, an yi zanga-zanga, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma CEDEAO ta dakatar da Nijar a watan Oktoba, duk bai motsa Tanja ba. Sai ranar 18 ga Fabrairu 2010 sojoji ƙarƙashin Salu Jibo suka kutsa fada ana taron ministoci. Su ma tsarin mulkin suka jingine, suka rusa hukumomi. Sun dai kira Fatimata Bazeye ta shugabanci majalisar tsarin mulki ta riƙon ƙwarya, ita ce ta tabbatar da zaɓen 2011, kuma kundin 25 ga Nuwamba 2010 ya ƙara ɗaure maganar wa'adi biyu. Isufu, wanda ya ci zaɓen 2011, bai taɓa ayar ba, ya sauka a 2021, kuma ina ganin abin da ya sami Tanja yana cikin lissafinsa. Amma darasin da bariki ya ɗauka daban ne: shi ne mai zartar da hukuncin ƙarshe.

Kotun da ta biyo baya ba ta sake samun irin farin jinin 2009 ba. 'Yan adawa sun zarge ta da bin gwamnati lokacin da ta yi watsi da ƙarar da aka kai kan takardun ɗan ƙasa na ɗan takarar shugaban ƙasa Mohamed Bazum, da lokacin da ta tabbatar masa da nasara kan Mahaman Usman ranar 21 ga Maris 2021 da kashi 55.66 cikin ɗari. Ranar 26 ga Yuli 2023 dakarun tsaron fada suka tsare Bazum. Shugabansu, Janar Abdurahaman Tiani, shi ma ɗan ƙasar Filinge ne. Aka jingine tsarin mulki, Kotun Tsarin Mulki ta tafi tare da shi, aka sake kafa Kotun Ƙasa, sunan da Kunce ya yi amfani da shi kusan shekara 50 baya. Kotun CEDEAO ta ba da umarnin sakin Bazum ranar 15 ga Disamba 2023, ba a bi ba. Ranar 14 ga Yuni 2024 Kotun Ƙasa ta cire masa rigar kariya domin a iya gurfanar da shi kan zargin cin amanar ƙasa.