Firgitar Dare Ga Ƙananan Yara: Bayani Ga Iyaye Da Shugabannin Al'umma

A Ƙaramar Hukumar Kaugama da sauran sassan masarautar Haɗeja, iyaye da dama sun san daren da yaro zai ƙwalla ƙara yana cikin barci, idanu a buɗe, gumi na karyo masa, amma bai gane ko mahaifiyarsa ba. Sau da yawa akan danganta abin da iskokai ko mayu. Mun kawo wannan bayani ne domin a san mene ne firgitar dare, a kuma iya rarrabe ta da cututtukan da ke bukatar gaggawar zuwa asibiti.

Mene Ne Firgitar Dare?

Firgitar dare takan zo ne a farkon dare, galibi sa'a 1 zuwa 3 bayan yaro ya yi barci, lokacin da barcinsa ya fi nauyi. Ƙwaƙwalwarsa takan yi yunƙurin farkawa ba ta kammala ba, sai jiki ya motsa alhali yaron yana barci. Yakan yi kuka, ya yi fizge-fizge, zuciya na bugawa da sauri. Bayan 'yan mintoci yakan lafa, ya koma barci, da safe kuma ba ya tuna komai. Mugun mafarki ya sha bamban: shi yakan zo ne wajen asuba, yaro ya farka sarai, ya nemi a rarrashe shi.

Wani bincike da aka buga a 2015 kan yara kusan 2,000 a ƙasar Kanada ya nuna abin ya fi yawa a shekara ɗaya da rabi, inda ya shafi kusan yaro 1 cikin 3. Yawanci yakan daina da kansa yayin da yaro ke girma.

Abubuwan Da Ke Jawo Ta

Daga cikinsu akwai ƙarancin barci, gajiya, zazzaɓi, cikar mara da fitsari, hayaniya, da kuma gado. Sauyin wurin kwana ma yakan tayar da ita, kamar yadda iyalai kan bar gidajensu lokacin ambaliya irin wadda ta afka wa yankin Haɗeja a 2022. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa yaro mai shekara 1 zuwa 2 ya sami barcin sa'a 11 zuwa 14 a yini, mai shekara 3 zuwa 4 kuma sa'a 10 zuwa 13, har da na rana.

Abin Da Iyaye Za Su Yi

1. A natsu, a zauna kusa da yaron. Kada a jijjiga shi ko a watsa masa ruwa don ya farka, domin hakan yakan ƙara tsawaita abin.
2. A kawar da fitila, garwashi da duk abin da zai ji masa rauni, a kuma sakaya ƙofa, musamman inda akwai rijiya ko kududdufi kusa.
3. Addu'a a tausashe ba ta hana komai, amma a guji turara masa hayaƙi ko ɗura masa jiƙo yana cikin wannan hali, don kada ya shaƙe.
4. A tsayar da lokacin kwanciya guda, a sa shi ya yi fitsari tukuna, ya kwana cikin gidan sauro.
5. Idan abin yana zuwa a lokaci guda kowane dare, a ɗan tayar da shi kamar minti 15 kafin lokacin, a ci gaba har mako 1 ko 2.

Lokacin Garzayawa Asibiti

Yankinmu na fadama ne, zazzaɓin cizon sauro kan yi yawa da damina, sanƙarau kuma da bazara. Saboda haka a kai yaro cibiyar lafiya mafi kusa ko Babban Asibitin Haɗeja nan take idan jikinsa ya yi zafi sosai, ko ya sandare yana jijjiga, ko idanu sun kakkafe, ko wuya ya sanƙare, ko yana ta amai, ko ya ƙi farkawa bayan abin ya wuce. Waɗannan ba alamomin firgitar dare ba ne, kuma jinkiri yana iya jawo asarar rai. Haka nan a nemi ma'aikacin lafiya idan yaron yana minshari mai ƙarfi ko numfashinsa yana ɗaukewa cikin barci.

Kira Ga Shugabanni

Muna kira ga hakimai, dagatai, masu unguwanni, limamai da ungozomomi da su isar da wannan saƙo, su hana zargin maƙwabta da maita saboda firgitar yaro, su kuma ƙarfafa iyaye su karɓi maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake raba wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 duk wata da damina.