Tarihin Filin Jirgin Sama Na Meigs, Da Yadda Aka Rufe Shi A Dare Ɗaya

A ƙasar Amurka, cikin jihar Ilinoi, akwai wani babban birni da a ke kira Shikago, yana bakin tafkin Mishigan. Gabas da birnin nan akwai wani ɗan tsibiri, wanda mutane ne suka yi shi da hannunsu, watau suka yi ta zuba ƙasa cikin ruwa har tudu ya fito. A kansa aka yi babban baje kolin duniya na 1933 da 1934. Da aka watse, aka daɗe ana shawarar abin da za a yi da wurin, har daga bisani aka tsaya a kan a mai da shi filin jirgin sama.

Ran 10 ga Disamba, 1948, aka buɗe filin. A 1950 aka sa masa sunan Merrill Meigs, wani mai gidan jarida na birnin, mutum mai son sha'anin jiragen sama ƙwarai. Filin ba na manyan jiragen fasinja ba ne, na ƙanana ne, irin waɗanda attajirai da kamfanoni da masu koyon tuƙi ke hawa. Titin sauka ɗaya rak gare shi, wanda bayan an ƙara shi tsawonsa ya kai ƙafa 3,900, ga ruwa a kusan kowane gefe. Amma abin da ya ɗaukaka shi kusanci. Mutum ya sauka, kafin ya gama gyara riga ya kai tsakiyar birni. Saboda haka ma'aikatan gwamnatin jiha suka riƙe shi hanyarsu tsakanin Shikago da Sifiringfil, inda Gwamna ke zaune. An gina masa hasumiya a 1952, da ɗakin matafiya a 1961. A 1992 har wani ƙaton jirgi, Boeing 727, ya sauka a ɗan titin nan, saukarsa ta ƙarshe ke nan, daga nan aka kai shi gidan ajiye kayan tarihi.

To, ga inda gizo ke saƙar. Ƙasar da filin ke kai ba ta hukumar birni ba ce, ta hukumar da ke kula da wuraren shan iska ce, haya aka ba birnin ta shekara 50. Gwamnatin jiha kuwa tana amfani da filin, ita kuma Gwamnatin Tarayya ita ke da ikon sararin sama da dokokinsa. Duk wanda ya taɓa aikin hukuma ya san yadda a kan sha wuya in abu ɗaya ya zama da iyayengiji huɗu.

Magajin Garin Shikago na zamanin, Richard M. Daley, ya daɗe yana son ya mai da tsibirin wurin shan iska na jama'a. Da wa'adin haya ya cika a 1996, sai ya sa aka rufe filin. Gwamnatin jiha ta ce ba ta san zance ba, aka yi ta ja-in-ja har aka sake buɗe shi a 1997. A 2001 Magajin Gari da Gwamna George Ryan suka shirya a kan a bar filin ya yi shekara 25 nan gaba, bisa sharaɗin majalisar ƙasa ta zartar da dokar faɗaɗa babban filin O'Hare. Dokar ba ta wuce ba, alkawarin kuwa ya bi ruwa.

Ran Lahadi 30 ga Maris, 2003, da tsakar dare, mutane na barci, sai ga katafiloli sun shigo filin bisa umurnin Magajin Gari. Suka bi titin suna kartarsa gicciye, kamar harafin X, har ya zama ba jirgin da zai iya sauka ko tashi. Gari ya waye, jirage 16 na ajiye, ba hanyar fita. Sai daga baya aka yardar musu suka tashi ta siririyar hanyar da ke gefen titin.

Hujjar da ya bayar ita ce tsaro, wai tun harin 11 ga Satumba, 2001, bai kamata ƙananan jirage su riƙa shawagi dab da dogayen benayen birnin ba. Ni dai a ganina hujjar nan ba ta da ƙarfi, gama rufe fili ba ya rufe sama, kuma mutumin da ya nemi rufe wurin tun 1996 ba zai ce abin 2001 ne ya tuna masa ba. Ba na cewa nufinsa mugu ne. Talakawan birni da ba su taɓa hawa jirgi ba, su ma suna da hakki a bakin tafkinsu. Amma doka ta ce sai an ba hukumar jiragen sama ta Tarayya sanarwar kwana 30 kafin a rufe fili, shi kuwa ko ta sa'a ɗaya bai bayar ba. Ya san in ya yi sanarwa za a kai shi gaban alƙali, shi ya sa ya riga alƙali zuwa.

Masu jirage suka kai ƙara, ba su ci nasara ba. Hukumar Tarayya ta ci birnin tarar dala 33,000, watau dala 1,100 a kan kowace rana cikin 30 ɗin nan, iyakar abin da doka ta yarda ke nan a lokacin. Kuɗin nan bai kai na ƙaramin jirgi ɗaya sabo ba. A 2006 birnin ya biya, ya kuma mayar da dala miliyan 1 daga kuɗin filayen jirage da aka kashe wajen rushewar. Ganin ƙanƙantar tarar ya sa majalisar ƙasa ta ɗaga ta zuwa dala 10,000 a kowace rana.

Titin dai ba a sake shimfiɗa shi ba. Aka kwashe kwaltar, aka shuka ciyawa da furanni, aka haƙa ɗan tafki, a 2015 aka buɗe wa jama'a wurin. Ɗakin matafiya na 1961 shi aka bari a tsaye, ma'aikatan hukumar wuraren shan iska suka karɓe shi.