Lambar Hanya da Tarihin Maraɗi: RN1 da RN9

A taswira, RN1 ce uwar hanyoyin Nijar: daga Yamai ta bi Doso da Birnin Ƙonni, ta ratsa Tsibirin Gobir da Maraɗi, ta nufi Damagaram har Gigimi. Asalinta bukatar Nasara ce. Yarjejeniyar 1898 ta bar wa Faransa hamada maras rijiyoyi tsakanin Kwara da Damagaram. Sai da aka sake shata iyaka da Ingila a 1904 sannan ta samu hanyar kudu mai ruwa, Maraɗi da Tsibiri suka faɗo hannunta.

Amma lamba ba ta nuna nauyin hanya ga mutanen gari. Arzikin Maraɗi kudu yake fuskanta, ta hanyar da ake kira RN9 a yau, wadda ta bi ƙasar Jiratawa da Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina. Ta nan gyaɗa take isa tashar jirgin ƙasa ta Kano. A shekarun 1950 Faransawa suka ƙirƙiro Opération Hirondelle don karkatar da ita zuwa Kwatano. Duk da haka alhazan Maraɗi ba su saki kasuwancinsu da Kano ba.