Daga Sassaƙe Zuwa Allura: Yadda Aka Fara Gwada Maganin Sankarar Huhu

Wanda ya taso daga kasuwar katako ta Dei-Dei, ya bi ta Gwagwa da Karmo, zai ɓulla Idu, inda Cibiyar Binciken Harhaɗa Magunguna ta Ƙasa, NIPRD, take. An kafa ta a 1987, ta fara aiki a 1989, kuma ta ba da ƙarfi wajen tantance saiwoyi da sassaƙen da kakanninmu suka daɗe suna sha. A nan aka samar da Niprisan, maganin sikila mai ɗauke da masoro, kanumfari da karan dafi, a zamanin shugabancin Farfesa Charles Wambebe. Dabarar gwada irin waɗannan tsirrai a kan sankara kuwa daga nesa ta zo.

Ba a fara gwada sabon magani a jikin majiyyaci, dole sai an sami abin da zai tsaya a madadinsa. A 1951, a asibitin Johns Hopkins na Amurka, aka yi nasarar raya ƙwayoyin sankarar ɗan Adam cikin kwalba, suna ta hayayyafa. Na huhu sun biyo baya: a 1972 Donald Giard da abokan aikinsa suka ciro ƙari daga huhun wani mutum mai shekara 58, suka raya ƙwayoyinsa, aka sa musu suna A549. Har gobe da su ake aiki a duniya.

Gwajin kansa abin kallo ne. Faranti ne na roba mai ƙananan ramuka 96. A zuba ƙwayoyin, a ɗiga ruwan maganin, a ajiye kwana biyu ko uku a zafin jikin mutum. Sai a ƙara wani rini rawaya, dabarar da Tim Mosmann ya wallafa a 1983. Ramin da ya koma shunayya, ƙwayoyinsa na raye. Wanda bai sauya ba, magani ya ci su.

Tsirrai sun ba da gudummawa sosai. Paclitaxel daga sassaƙen wata bishiyar Amurka yake, wanda aka ɗebo a 1962, amma sai 1998 aka amince da shi don sankarar huhu. Shekara 36 ke nan! Vinorelbine kuwa tushensa furen nan ne na Madagaska da muke dasawa a ƙofar gida.

Wannan tazarar nake so mu riƙe idan mai magani ya kafa lasifika a bakin kasuwa yana cewa ya gama da ciwon daji. Abin da ya kashe ƙwaya a faranti bai zama magani ba tukuna; da sauran gwaji a dabba, sannan a mutane, kuma akasari a hanya suke faɗuwa. Ya kamata gwamnati ta ba NIPRD da cibiyar binciken sankara ta NICRAT, wadda aka sa hannu kan dokarta a 2017, kuɗin bin wannan hanya har ƙarshe.

Kai kuma mai karatu, tarin da ya ƙi jin maganin tarin fuka, ka koma asibiti a ɗauki hoton ƙirji.