Fijo 504 da masu gane ciwonta da kunne

1/ Jama'a, ku matso mu yi hirar Peugeot 504, wadda iyayenmu ke kira Fijo. A gidanmu, nan kusa da hasumiyar Gobarau, akwai ta kakana. Mu muka yi sakaci ta shekara biyu a ajiye, da muka zo tayarwa ta ƙi. Abin da ya sa na bi tarihinta ke nan.

2/ A 1968 ta fito a Faransa, a 1969 ta zama gwarzuwar motar Turai. A 1975 kamfanin PAN ya fara harhaɗa Fijo a Kakuri, Kaduna. Nan da nan 504 ta zama motar ma'aikatan gwamnati, kuma ita ce ta haya tsakanin Katsina da Kano. Turai sun daina ƙera ta a 1983, amma Kaduna ta ci gaba har cikin shekarun 2000.

3/ Me ya sa ta daɗe haka? Ba ta da kwamfuta. Batir ya ba kik wuta ya juya inji. Koyil ya ɗaga bolt 12 na batir zuwa dubbai. Kwantak da ke cikin distiributo ya riƙa yankewa yana haɗawa, tartsatsi ya isa fulogi, ya kunna man da kafireto ta gauraya da iska. Shi ke nan fa.

4/ Don haka bakanikenta da kunne yake farawa. Dattijon da muka kira ya ce min: "Yaro, murɗa makulli in ji." In ka ji ƙas kawai, a duba batir, kawunansa ko kik. In inji na juyawa bai kama ba, to wuta ce ko mai.

5/ Tamu tana juyawa. Ya zare wayar fulogi, ya kusanta ta da ƙarfen inji, babu tartsatsi. Ya buɗe distiributo, ya goge kwantak da sanfefa, ya daidaita tazarar wajen milimita 0.4. Ya wanke kafireto, don tsohon mai da ƙurar hunturu sun toshe ta. Murɗawa biyu ta tashi. Wallahi kakana har da ƙwalla.

6/ Ga inda damuwata take. Motocin yau sai an jona musu na'ura ta faɗi ciwo, yaran gareji kuma can suka karkata, ba laifinsu ba ne, can abinci yake. Amma waɗanda suka koyi aiki zamanin Kakuri sun tsufa, kuma iliminsu ba a takarda yake ba.

7/ In akwai irin wannan dattijo a unguwarku, ku je ku zauna da shi, ku nemi izini ku ɗauki bidiyonsa yana aiki. Wa kuma ke da Fijo a gida? Ku turo hotonta mu gani.